Yadda ake tara kuɗin gyaran tsohuwar babbar majami'a

Da yammacin ranar 15 ga Afrilu, 2019, wuta ta kama rufin Notre-Dame, babbar majami'ar birnin Faris da aka aza harsashinta tun 1163. Kafin gari ya waye katakon rufin ya ƙone ƙurmus, hasumiyar tsakiya mai tsawon mita 96 ta rufta ciki. Ba a yi mako guda ba aka yi alkawarin ɗaruruwan miliyoyin yuro. A ƙarshe an tara kimanin yuro miliyan 846 daga hannun mutum wajen 340,000 a ƙasashe 150, aka sake buɗe ginin ranar 7 ga Disamba, 2024.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka tara kuɗin gyaran tsohon gini wasan yara ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shekara da shekaru kafin gobarar ginin yana lalacewa a idon kowa. Duwatsu suna gutsurewa suna faɗowa, gwamnati na kashe abin da bai wuce yuro miliyan 2 ba a shekara, masu neman gudummawa har Amurka suka je, kuɗin na shigowa ɗigo-ɗigo. Sai da mutane suka ga wuta a talabijin sannan aljihu ya buɗe. Ku da aka ɗora wa kwamitin gyaran taku majami'ar ba ku da gobara, Allah ya kiyaye. Abin da kuke da shi yoyo ne da gara da tsagar bango, kuma babu mai zubar da hawaye don yoyo. Aikinku shi ne ku sa jama'a su ga ɓarnar da idonsu, su san adadin kuɗinta, su kuma yarda da hannun da za su danƙa wa. Ranar ƙaddamar da gidauniya, wadda yawancin kwamitoci ke farawa da ita, tana can tsakiyar tafiya.

Mataki na farko: ginin na wane ne, wa ke ba da izini

A Faransa gwamnati ce mai Notre-Dame, bisa dokar 1905 da ta raba addini da mulki. Cocin Katolika amfani kawai take yi da shi. Shi ya sa majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman a watan Yulin 2019, ta kafa hukuma guda da za ta riƙe aikin, aka ɗora tsohon babban hafsan sojoji, Janar Jean-Louis Georgelin, a kanta. A Najeriya takardun fili da na gini yawanci suna hannun amintattun dayosis masu rajista. Ku nemo su, ku sami amincewar bishop da majalisar dayosis a rubuce. In ginin yana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, sai da sanin Hukumar Gidajen Tarihi ake taɓa shi. Kada ku karɓi ko kwabo kafin a gama wannan.

Mataki na biyu: a duba lafiyar ginin tun daga rufi har harsashi

A nan ake cin nasara ko a faɗi, don haka zan daɗe a kai.

A Ingila ƙa'ida ce duk bayan shekara biyar masanin gine-gine ya zagaya babbar majami'a ya rubuta rahoton halin da take ciki. Ku ma abin da kuke bukata ke nan: rahoto a rubuce, da hotuna, daga hannun injiniya da mai zanen gini da suka taɓa aiki a tsohon gini. Wanda ya saba da gidajen bulo da siminti kaɗai bai isa ba. Kuma ku tabbata mai duba ginin ba shi ne zai nemi kwangilar gyaran ba, don likitan da ke da kantin magani a bayan gida ba ya rasa cutar da zai gano.

In ginin na ƙasa ne, kamar majami'ar Saint Bartholomew ta Wusasa a Zariya da aka gina a 1929 da salon ginin Hausa, to ku haɗa da tsohon magini wanda ya san azara da bakan gizo da makuba. Shi zai gaya muku abin da yawancin 'yan kwangila ba za su faɗa ba, cewa yaɓa siminti a bangon ƙasa kashe shi ne a hankali. Simintin kan kulle danshi a ciki, ƙasar ta jiƙe ta yi laushi a ɓoye, wata rana yaɓen ya ɓanɓare ya taho da rabin bangon. Haka abin yake a tsohon ginin dutse da aka ɗaure da farar ƙasa. Abin da aka yi ginin da shi, da shi ake gyara shi.

Rahoton ya amsa tambaya uku a kan kowace matsala: mene ne ya lalace, me ya jawo, yaushe zai zama haɗari. Tambaya ta biyu ita ce mutane suka fi tsallakewa. Ana ganin tabon ruwa a bango sai a ce a yi fenti, alhali indararo ne ya toshe a sama, ko kwano ya huje, ko an cike harabar da kankare har ruwan sama ya rasa hanya sai gindin gini. Kusan duk ciwon tsohon gini daga ruwa yake farawa, gara ta biyo danshi, wayar lantarki da ta tsufa ta ƙarasa. Sai a kasa matsalolin kashi uku: wanda ba zai jira damina mai zuwa ba, wanda zai iya kai shekara biyu ko uku, da wanda ado ne kawai. Tsaga a bango ko a rufi ba abin jira ba ce. Mutanen Zariya ba su manta da watan Agustan 2023 ba, ranar da wani sashe na tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. In injiniya ya ce a rufe wani ɓangare, a rufe, ko da za a yi sujada a rumfa.

Ku ɗauki hoton kowane lungu, ku auna kowane bango, ku ajiye kwafi a wuri biyu. Shekaru kafin gobarar Faris, wani malamin tarihin gine-gine mai koyarwa a Amurka, Andrew Tallon, ya bi Notre-Dame da na'urar leza ya auna ta ciki da waje. Ya rasu a 2018, bai ga ranar da aka bukaci aikinsa ba. Ku ba ku bukatar leza. Wayar hannu mai kyau da tef ɗin awo da haƙuri sun wadatar.

Wannan binciken kansa kuɗi yake ci, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku nemi mutum biyar ko shida daga cikin ikilisiya su biya shi a tsakaninsu, ba tare da shela ba.

Mataki na uku: ku raba gyara da ƙari

Gyara shi ne hana abin da ke nan lalacewa. Ƙari shi ne abin da ba ya nan da: hanyar keken guragu, makewayi, sola, na'urar sauti, ɗakin ajiye tsofaffin littattafan baftisma da na aure. Dukansu ana so, amma masu bayarwa ba ɗaya suke kallonsu ba, kuma rigima a kan ƙari take tashi. Kwana biyu bayan gobarar, firaministan Faransa na lokacin, Édouard Philippe, ya sanar da gasar zanen sabuwar hasumiya. Aka shekara ana cacar baki, har a watan Yulin 2020 Shugaba Macron ya yanke cewa a mayar da ita yadda mai zanen gini Viollet-le-Duc ya tsara ta a ƙarni na 19. Da ba a riga an yi alkawarin kuɗin ba, wannan gardamar kaɗai ta isa ta sanyaya gwiwar masu bayarwa.

Ku yi taku gardamar tun da wuri, a taron ikilisiya, a rubuta abin da aka tsayar. Ni dai ra'ayina, in ana cikin yoyo ba a maganar tayil.

Mataki na huɗu: farashi, zango-zango

Ku ba mai ƙididdigar gini rahoton ya fitar da farashin kowane aiki daban. Sannan ku jera su zango-zango, yadda kowane zango zai iya ƙarewa ya tsaya da ƙafarsa ko da kuɗin na gaba ya yi jinkiri. A Faris zangon farko, wato tokare ginin kada ya faɗi da kwashe ɓaraguzai, ya ci kusan yuro miliyan 150 da sama da shekara biyu, kafin a ɗora ko katako ɗaya sabo. Sake ginin ya ci wajen miliyan 550.

Kuma ku ware kaso na abin da ba a zata ba. A can, dalmar rufin da ta narke ta watsa guba har aka tsayar da aiki a 2019. Annobar korona ta sake tsayar da shi a 2020. Ƙarafan hawa da aka kafa tun kafin gobarar suka narke suka manne da juna, sai da aka yi watanni ana yanke guda wajen 40,000 ɗaya bayan ɗaya. Tsohon gini ba ya nuna duk ciwonsa sai an buɗe shi. A wajenmu kuma akwai faɗuwar naira: farashin da aka ba ku a watan Janairu ba zai kai Kirsimeti ba. Don haka da zarar kuɗin wani zango ya taru, ku sayi kayan da ba sa lalacewa ku ajiye.

Wanda yake so ya ga illar fara babban aiki ba tare da ganin ƙarshen kuɗinsa ba, ya dubi babbar majami'ar Christchurch a New Zealand. Girgizar ƙasa ta rusa ta a watan Fabrairun 2011, aka tsai da shawarar maido da ita a 2017, farashi ya yi ta hawa, a 2024 aka dakatar da aiki saboda kuɗi ya gaza.

Mataki na biyar: asusun da kowa zai iya leƙawa

Ku buɗe asusun banki na musamman da sunan aikin, kada kuɗin ya gauraya da baikon Lahadi ko albashin ma'aikata. Mutum uku su zama masu sa hannu, biyu dole kafin a cire komai, kuma kada a sami miji da mata ko wa da ƙani a cikinsu. Duk wanda ya ba da kuɗi, ko naira ɗari biyu ce, a ba shi rasit mai lamba. Kada a tura gudummawa asusun wani mutum, ko da limami ne, ko da don sauƙi ne. Wannan ba zargin kowa ba ne, kare mutuncinsa ne, don ranar da lissafi ya ƙi daidaita ba shi da bakin kare kansa.

Faransa ta ƙayyade ƙofofin karɓar gudummawar, ta kuma sa kotun binciken kuɗin gwamnati ta bi sawunsu. A 2020 kotun ta fito fili ta ce bai dace a riƙa biyan hidimar ofishin hukumar gyaran Notre-Dame daga kuɗin da mutane suka bayar don gini ba. In har a can an yi wannan ƙorafin, ku sa ran jin irinsa. Ku faɗa tun farko nawa za a kashe a kan buga takardu da man mota, ko ma dayosis ta ɗauki wannan nauyin. Ku sami odita daga waje, kuma duk wata uku a karanta lissafi a gaban ikilisiya a manna shi a allon sanarwa.

Mataki na shida: manyan hannaye, a ɓoye, tun kafin shela

Daga cikin yuro miliyan 846 ɗin nan na Notre-Dame, miliyan 600 daga wuri huɗu suka fito: iyalan Arnault da kamfaninsu LVMH miliyan 200, iyalan Bettencourt da L'Oréal miliyan 200, iyalan Pinault miliyan 100, kamfanin mai na Total miliyan 100. Haka tara kuɗi yake a ko'ina, mutane kaɗan ne ke ɗaukar mafi yawan kayan.

Ku zauna ku rubuta sunayen mutum ashirin ko talatin da ginin ya shafi rayuwarsu kuma Allah ya hore musu: wanda aka yi wa baftisma a nan, wanda ya yi makarantar mishan da ke gefe, wanda aka binne kakansa a harabar, 'yan garin da ke Abuja da Legas da ƙasashen waje. Ba a aika wa irin waɗannan katin gayyata kawai. Ana zuwa gida, mutum biyu, ɗaya wanda suke jin nauyinsa, ɗaya wanda ya san lissafin. A tafi da rahoton injiniya, a faɗi adadi ƙarara: "Baba, rufin ɓangaren gabas zai ci kaza, muna roƙon ka ɗauki rabi." Wanda aka ce wa "abin da ya sawwaƙa" zai ba da abin da ya sawwaƙa. In da hali, a kawo shi ya hau tsani ya taɓa ruɓaɓɓen katakon da hannunsa. Gani ya kori ji.

Kada ku yi shela sai kusan rabin kuɗin zangon farko ya tabbata. Jama'a sun fi son tura motar da ta riga ta motsa.

Ku shirya wa wata tambaya kuma, don za ta zo. A Faransa, masu zanga-zangar tsadar rayuwa sun tambayi yadda aka sami miliyoyi don duwatsu cikin kwana biyu alhali talaka na kuka, har iyalan Pinault suka sanar cewa ba za su karɓi rangwamen harajin da doka ta ba su ba. A garin da gwauraye da marayu ke jiran taimakon ikilisiya, tambayar halas ce. Amsarku ta kasance a aikace: kuɗin jinƙai ba zai ragu ba, kuma samarin unguwa za su sami aiki da koyon sana'a a wajen gyaran.

Mataki na bakwai: ku gutsuttsura aikin yadda kowa zai sami nasa

Babbar majami'ar Milan a Italiya tana da hasumiyoyi 135. A 2012 hukumar da ke kula da ita, wadda take nan tun 1387, ta fito da tsarin da mutum zai zaɓi hasumiya guda ya ɗauki nauyinta, manyan masu bayarwa a rubuta sunansu a jikin ginin. Dabara ce mai sauƙi: ba wanda ke jin daɗin jefa kuɗinsa cikin rami mai faɗi, amma kowa na son ya nuna wa jikansa ya ce wancan tagar ni na gyara.

Ku fitar da farashin fallen kwano ɗaya, azara ɗaya, taga ɗaya, benci ɗaya. Zumuntar mata ta ɗauki ƙofofi, mawaƙa su ɗauki wurin tsayuwarsu, matasa su ɗauki haƙa magudanar ruwa da ƙarfinsu, kowace ƙaramar ikilisiya a dayosis ta ɗauki abin da za ta iya. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo buhun masara a lokacin godiyar kaka, ko tifar yashi, ko kwana uku na aikin kafinta. A Faransa ma masu gandun daji da dama kyauta suka ba da itatuwa cikin wajen 2,000 da aka sare don sabon rufin. Irin wannan gudummawar a ƙiyasta kuɗinta a shigar a littafi, a yi godiya kamar yadda ake yi wa mai cek.

Kada ku manta da maƙwabta da ba sa sujada tare da ku. Tsohon gini na gari ne. Ku kai wa sarki da hakimi gaisuwa da rahoton a hannu.

Mataki na takwas: ranar gidauniya, da abin da ke bayanta

Na taɓa zama a wata gidauniya inda babban mai ƙaddamarwa ya karɓi lasifika ya ambaci adadin da ya sa mata guɗa. Aka ci shinkafa, aka watse. Bayan shekara guda ma'aji na ta sintiri ƙofar gidansa, waya ba a ɗauka. Kuɗin rumfa da abinci da kalanda kuwa an riga an biya daga baiko.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. Wata biyu bayan gobarar Faris, ministan al'adun Faransa ya bayyana cewa abin da ya shiga hannu bai kai kashi 10 cikin 100 na alkawuran ba, kuma yawancinsa daga ƙananan masu bayarwa ne. Bambancin shi ne a can manyan sun sa hannu a yarjejeniya, suka riƙa biya kashi-kashi gwargwadon tafiyar aiki, har suka cika. Ku ma ku tanadi takardar alkawari: suna, adadi, ranar biya, sa hannu. A allon lissafi ku yi layi biyu, na alkawari daban, na abin da ya shiga banki daban, kuma kada ku ba da kwangila sai bisa layi na biyu. Ku naɗa mutum guda mai fara'a marar gajiya ya riƙa bin alkawuran. Bikin kansa ya zama ƙarami, wani ya ɗauki nauyinsa.

Mataki na tara: kuɗin waje

Akwai shi, amma yana da sharuɗɗa da jinkiri. Ƙungiyar World Monuments Fund tana fitar da jerin wuraren tarihi masu bukatar ceto duk shekara biyu, kuma ita ta jagoranci gyaran babbar majami'ar Angilika ta Zanzibar, wadda aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, da tallafin Tarayyar Turai. Irin waɗannan masu tallafi rahoton injiniya da lissafin odita suke fara tambaya, sannan abin da ku kanku kuka tara, sannan amfanin da jama'ar gari za su samu. A Ingila kaso mai yawa na gyaran manyan majami'u daga asusun cacar ƙasa yake fitowa. Ikilisiyoyinmu da dama ba za su taɓa irin wannan kuɗin ba, kuma ya kamata kwamiti ya tsai da irin hannun da ba zai karɓa daga gare shi ba, har da ɗan siyasa a shekarar zaɓe, tun kafin cek ɗin ya iso tebur.

Mataki na goma: lokacin aiki

Ku tuna Notre-Dame ana cikin gyaranta ta ƙone. Ƙararrawar gobara ta yi ƙara, aka je duba wurin da ba shi ba, aka yi asarar kusan rabin awa. Don haka a yarjejeniyar ɗan kwangila a rubuta: ba shan taba, ba walda sai da mai tsaro riƙe da tukunyar kashe wuta, a kashe lantarkin wucin gadi kowace yamma, mai gadi ya zagaya bayan an tashi. A biya shi zango-zango bayan injiniyanku ya duba, a riƙe wani kaso sai damina guda ta wuce a kan rufin.

Kowane mako a tura hotuna a zauren WhatsApp na masu gudummawa. In an tarar da ɓarnar da ta fi ta lissafi, a faɗa a makon, kada a bari su ji a bakin leburori.

Mataki na ƙarshe: kuɗin gobe

An fara ginin babbar majami'ar Kolon a Jamus a 1248, aka bar ta rabi ɗaruruwan shekaru. A 1842 mutanen gari suka kafa ƙungiyar masu ba da kuɗi, aka kammala a 1880, kuma ƙungiyar ba ta watse ba. Har yau membobinta na biyan kuɗin shekara, ita ke ɗaukar fiye da rabin hidimar gyara, akwai kuma masassaƙan dutse na dindindin a gindin ginin. A Faris ma, kimanin yuro miliyan 140 da suka rage an mayar da su ga gyaran bangayen waje da tokaren dutse na bayan ginin, wato ciwon da yake nan tun kafin wuta.

Don haka kada ku rushe kwamitin ranar godiya. Ku mayar da shi ƙungiyar abokan majami'a mai kuɗin wata ko na shekara, komai ƙanƙantarsa, ku ware wani kaso na duk abin da aka tara ya zauna a asusun kula. A littafin magatakarda a rubuta aikin kowace shekara da sunan mai yinsa: a watan Afrilu a hau rufi a share indararo a ɗaure kwanon da ya saki, a watan Oktoba a zagaya a duba inda ruwa ya kwanta da inda gara ta yi hanya, duk shekara biyar a sake kiran injiniya da tsohon rahotonsa a hannu.